MiG-21MF na kamfanin Eduard a sikelin 1/48: abin da ke cikin kwalin da wuraren da aiki ke ɓaci

A 2011 kamfanin Eduard na ƙasar Cek ya fitar da samfurin roba na jirgin yaƙin MiG-21MF a sikelin 1/48, kuma tun daga lokacin duk mai son haɗa wannan jirgi a wannan girma shi yake fara nema. Sikelin na nufin kowane santimita ɗaya a jikin samfurin yana matsayin santimita 48 ne a jikin jirgin gaske. Faɗin fikafikan jirgin mita 7.15 ne, don haka idan an gama haɗawa za a sami abu mai faɗin kusan santimita 15, tsawo kuma wajen santimita 30. Ba ya cin wuri a kan kanta.

Jirgin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sojojin saman Najeriya sun karɓi MiG-21MF daga Tarayyar Sobiyet a 1975, kuma F-7NI da aka sayo daga Sin daga baya jinin gidan ne, domin daga MiG-21 Sinawa suka samo shi. Nau'in MF yana ɗauke da inji R-13-300, da bindiga mai baki biyu GSh-23L a ƙarƙashin ciki, da maratayan makamai huɗu a fikafikai. Bindigar, da maratayan, da bututun injin duk suna cikin kwalin, kuma an yi su daidai.

Kwali iri biyu aka fi sayarwa. ProfiPACK, wanda lambarsa ta farko 8231, yana zuwa da robar, da farantin siririn ƙarfe mai ɗauke da allon agogunan matuƙi da bel ɗin kujera an riga an yi musu launi, da takardar rufe gilashi lokacin fenti da aka yanka daidai, da alamun jirage shida. Weekend kuwa robar ce iri ɗaya sak, amma an rage sauran kayan, kuɗinsa ma ya fi sauƙi. A ganina ProfiPACK ne ya cancanci kuɗin. Wanda ya sayi Weekend yakan dawo yana neman takardar gilashi da bel daban, sai ya tarar kuɗin kaya da na aikowa sun haura abin da ya guje wa tun farko.

Gutsattsarin robar sun haura 400, amma kada adadin ya tsorata kowa. Kaso mai yawa makamai ne: makamai masu linzami R-3S, R-3R, R-13M, R-60, rokokin S-24, tukwanen roka UB-16, bama-bamai, da tankokin mai na lita 490 da 800. Jirgi ɗaya ba zai ɗauki ko rabinsu ba, sauran sai a adana. Zanen mahaɗar faranti da ɗigon ƙusoshi a jikin robar siriri ne ƙwarai, har sai an karkata shi ga haske ake ganin wasu. Wannan kyau ne, kuma nauyi ne a kan mai fenti, domin shafi biyu masu kauri sun isa su binne shi.

Idan aka ajiye shi kusa da tsohon samfurin kamfanin Academy na sikeli ɗaya, bambancin a fili yake. Na Academy ya fi saurin haɗuwa, amma doron bayansa ya fi kama da na wani nau'in jirgin, wato MiG-21bis, ba MF ba, kuma ɗakin matuƙinsa fayau yake. Eduard ya yi doron da wutsiyar tsaye daban da gangar jiki, domin kowane nau'i ya sami nasa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wannan samfuri a matse aka ƙera shi, babu sarari ko na kaurin takarda tsakanin sassansa. Kafin a rufe ɓari biyun gangar jiki, abubuwa da dama ne za su shiga ciki: ɗakin matuƙi tare da ramin tayar gaba, akwatin ramukan tayoyin baya, bututun inji, ƙoƙon hanci, da bangayen da ke riƙe su. Idan ɗaya ya karkace da rabin milimita, jikin ba zai rufu ba. Mai gaggawa sai ya matse shi da ƙarfi ya ɗaure da roba, ya ga kamar ya yi nasara. Sai an zo ɗora doro a ga ya bar tudu a gefe guda, a zo ɗora fikafikai a ga giɓi a ƙarƙashi. Laifin ba na doron ba ne, an yi shi tun a ciki.

Abin da ya fi jawo wannan shi ne fenti. Duk inda roba za ta haɗu da roba, a kankare fentin da bakin aska har sai robar ta fito. Fenti yana ƙara kauri, kuma yana hana gam narka robar. Gam irin Tamiya Extra Thin ba manne abu yake yi kamar gam ɗin takarda ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, don haka ana haɗa sassan ne tukuna, a taɓa bakin burushin a mahaɗar, ruwan ya bi tsagar da kansa. Kada yatsa ya kasance a kan mahaɗar a lokacin, domin gam ɗin zai bi ƙarƙashinsa ya bar zanen yatsa a jikin jirgin. Hanyar da ta fi aminci ita ce a sa kowane ɓangaren ciki a ɓarin dama da ɗigon gam kaɗan, nan take a rufa ɓarin hagu a kai ba tare da gam ba, a riƙe da tef na minti 15 zuwa 20 har ya kama a inda ya dace. Sannan a buɗe a sa na gaba. Yana cin lokaci, amma wanda ya bi haka kusan ba zai buƙaci foti, wato abin cike giɓi, ba.

Ɗakin matuƙi shi ne wurin da ProfiPACK ke nuna kansa. Launin cikin jiragen Sobiyet na wancan zamani wani shuɗi-kore ne mai haske, kuma fentin Mr. Color mai lamba C391 an yi shi ne don shi. Matsalar ita ce launin da aka buga a jikin farantin ƙarfen ba lalle ya dace da na kwalba ba, ido kuma yana kama bambancin nan da nan, tunda allon da bangon suna manne da juna. A fesa gwaji a bayan cokalin roba, a bari ya bushe, a kara shi da farantin a hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba. Idan ya fi kore a ɗiga shuɗi, idan ya yi duhu a ɗiga fari. Allon agogunan hawa biyu ne, na ƙasa mai fuskokin agogo, na sama mai ramuka. Kada a haɗa su da sufa gulu, domin yana kamawa kafin a daidaita ramukan, kuma yana barin farin hazo. Ɗigon banish mai sheƙi ya fi: yana ba da lokacin gyara, idan ya bushe kuma sai ya zauna a ramukan kamar gilashin agogo.

Bel ɗin kujerar KM-1M yana da nasa hali. Launin a saman ƙarfe yake, idan aka lanƙwasa shi kaifi ɗaya sai ya ɓare. A naɗa shi a hankali a jikin tsinken sakace, sau ɗaya tak, kuma kada a gasa shi a wuta kamar yadda ake yi wa farantin da ba shi da launi don ya yi laushi. Wajen yanke ƙananan ƙarafan daga farantin, a ɗora shi a kan tayil, a manna tef a bayansa, a danna da aska mai lanƙwasasshen baki. In ba haka ba guntun zai yi tsalle, kuma abin da bai kai ƙwayar gero ba idan ya faɗa kan darduma an yi sallama da shi.

Kafin a manne ƙoƙon hanci a zuba masa nauyi, don kada jirgin ya zauna a kan wutsiya. Giram 5 zuwa 8 sun wadatar. 'Ya'yan boris na keke suna shiga ƙoƙon daidai, kuma kowane mai gyaran keke yana da su. A riƙe su da aradait kaɗan. Masu amfani da dalma su guji zuba mata sufa gulu da yawa, domin an sha ganin haɗin yana kumbura bayan shekaru har ya tsaga roba. Ƙoƙon kore ne, irin koren da ake shafa wa murfin rada, kuma ya fi sauƙi a fesa shi tun yana hannu, tare da cikin bakin shan iska, tunda bayan an rufe babu burushin da zai kai can. A duba shi ta gaba kafin gam ya bushe. Tsinin ya tsaya a tsakiyar da'irar, idan ya kauce ko kaɗan fuskar jirgin gaba ɗaya ta karkace.

Bututun injin sassa da yawa ne, kuma ya yi kyau, sai dai rabinsa ba a gani sai da tocila. Kada a ɓata kwana biyu a kansa.

Fikafikan ƙasa a haɗe suke da wani yanki na cikin jirgin, wanda hakan ke daidaita kusurwarsu ba tare da aune-aune ba. Kafin a rufe fikafikan sama a huda ramukan maratayan makamai daga ciki da abin huji na milimita 0.8 zuwa 1. Mutane da yawa sukan manta, sai an gama fenti su tuna, a lokacin kuma babu alamar wurin daga waje. Mahaɗar gaba da ta baya na wannan yanki su ne wuraren da za a iya buƙatar ɗan gyara. Idan giɓin siriri ne, Mr. Surfacer 500, wani fenti mai kauri na cike tsaga, a bakin tsinke ya isa, a goge rarar da audugar kunne mai ɗan danshin tina na samfura. Idan dole sai an goga samfefa, a manna tef a gefe biyu na mahaɗar don a tsare ɗigon ƙusoshi, a fara da lamba 600, a bi da 1000, a ƙare da 2000, duk da ruwa. Akwai kuma ƙananan bakunan shan iska da ke warwatse a bayan gangar jiki. Kowanne daban yake zuwa, wasu sun yi kama da juna, don haka a yanko ɗaya a manna kafin a yanko na gaba.

Gilashin matuƙi garau yake, kuma a MF gefen dama yake buɗewa, da madubin hangen baya a samansa. Takardar rufewar tana zama daidai, a dai bi gefenta da tsinke don kada fenti ya kutsa. A fara fesa launin cikin ɗaki a kan firam ɗin, sannan launin waje ya hau kai, ta yadda mai leƙawa ta ciki zai ga shuɗi-koren. Farin gam na kafinta, irin Top Bond, shi ya dace da manna gilashi. Sufa gulu yana fitar da tururi mai mayar da gilashi fari daga ciki, inda hannu ba ya kaiwa.

Batun fenti yana buƙatar magana ta musamman ga mai aiki a ƙasarmu. Da farko, tina da ake sayarwa masu fentin mota ba ta roba ba ce. Tana da zafin da ke cin wannan irin roba, fuskar ta yi yamutsa-yamutsa kamar fatar da ta ƙone. Ta yi amfani wajen wanke bindigar feshi kawai. Na biyu, fentin lacquer, wanda ake sirkawa da tina, irin Mr. Color yana kama wuta, don haka masu aikowa da yawa ba sa sa shi a jirgin sama. Mai ruwa irin Vallejo ya fi sauƙin isowa, amma bai kai shi riƙo ba, tef yana iya ɗago shi idan babu shafin farko a ƙasa. Kowanne aka samu, a wanke samfurin da ruwan sabulu don cire maiƙon hannu, a bari ya bushe, a fesa shafin farko siriri, irin Mr. Surfacer 1500. Wannan shafi ne ke tona asirin duk mahaɗar da ba ta ɓace ba.

Ga bindigar feshi mai baki milimita 0.2 ko 0.3, a sirka Mr. Color kashi ɗaya da tinarsa, Leveling Thinner, kashi ɗaya da rabi zuwa biyu, iska a kan 15 zuwa 18 psi (ma'aunin ƙarfin iska), tazara santimita 8 zuwa 10. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, fenti yakan bushe a iska kafin ya sauka, sai jikin ya yi kaushi kamar an barbaɗa masa gari, musamman a kusurwar da fiffike ya haɗu da jiki. Maganin shi ne a ƙara tina, a rage iska, a matso kusa, a kuma yi aikin da sassafe. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. A yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin a fara, da an gama feshi kuma a kife babbar robar ajiyar abinci a kan samfurin. Da damina ruwa yana taruwa a tiyon kwamfuresa ya tofo a kan fenti, don haka a sa matarin ruwa a kusa da bindigar. A kowane lokaci taga a buɗe, da abin rufe hanci mai tace tururi, ba ƙyallen asibiti ba.

Mai son launin azurfa na ƙarfe tsirara ya san ya zaɓi hanya mai wuya. Fenti irin su Alclad II da AK Xtreme Metal suna son baƙi mai sheƙi a ƙasa, santsi kamar madubi, kuma kowane ƙarcen samfefa yana fitowa ninki biyu. A fesa su a iska ƙasa-ƙasa, 10 zuwa 12 psi, hazo-hazo, har sau uku. A bar shi awa 24 kafin tef ya taɓa shi, tef ɗin ma a manna shi a bayan hannu sau biyu tukuna don a rage masa ƙarfi. A bambanta wasu faranti da azurfa mai ɗan duhu, bayan jirgin kusa da bakin inji kuma ya fi sauran duhu saboda zafi. Ga wanda wannan ne jirginsa na biyu ko na uku, launin ɓad-da-kama ya fi rufa asiri. A fara da launi mafi haske, a naɗa Blu Tack, wani danƙo mai mannewa ya kuma ɓaru ba tabo, kamar siririyar taliya a bi iyakar zanen, a cike tsakiya da tef, a fesa na gaba a tsaye daidai kan iyakar. Idan aka fesa a karkace gefen zai fito wani wuri kaifi, wani wuri a baje.

Alamun kwalin na 8231 sun haɗa da na Masar da na ƙasashen gabashin Turai, babu na Najeriya. Wanda ke son yin jirgin sojojin samanmu bai rasa hanya ba, domin tambarin da'ira uku ne kawai, kore, fari, kore, kuma fesa shi ya fi sitika kyau. A fesa fari, a rufe da tef da aka yanka zobe da mayankin da'ira, a fesa kore. Tutar wutsiya ma layuka uku ne a miƙe. Haruffan NAF, wato gajeren sunan sojojin saman Najeriya, da lambar jirgi ne za a nemo daga takardar haruffa baƙaƙe. A zaɓi hoton jirgi guda ɗaya a bi shi, kada a ɗebo launi daga wannan hoto a ɗebo lamba daga wancan.

Sai ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi, waɗanda Eduard ya ba su takarda guda. Suna da yawan gaske, har da na maratayai da na makamai, kuma aikin dare uku ne ko huɗu idan ana so a sa su duka. A fesa banish mai sheƙi tukuna. Idan aka ɗora sitikar ruwa a kan fenti mai kaushi, iska tana maƙalewa a ƙarƙashinta, sai gefenta ya riƙa walƙiya fari-fari. A tsoma kowace a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10, a ajiye a kan tsumma har ta saki da kanta, a zame ta da jiƙaƙƙen burushi, a matse ruwan da audugar kunne ana mirginawa daga tsakiya. Ruwan laushi irin Micro Sol yana sa ta yamutse na ɗan lokaci. Kada a taɓa ta a wannan hali, za ta miƙe da kanta. Jiragen da aka sake yi wa fenti a ƙasashen da suka saye su sau da yawa ba a mayar musu da rubuce-rubucen duka ba, don haka hoto zai iya rage maka rabin wahalar.

Bayan wani shafin banish, a fito da zanen faranti da fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, a sirka shi ya zama kamar ruwan shayi. A ɗiga a tsagar, a jira minti 20 zuwa 30, a goge rarar daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bi. Baƙi wuluk yana yi wa azurfa yawa, toka ta fi. A kiyaye kada ruwan sirkin ya taru a ƙafafu ko a mahaɗar da ke ɗauke da nauyi, domin yana sa roba ta yi gautsi ta karye.

Ƙafafun baya suna buƙatar nutsuwa. A jirgin gaske tayar tana juyawa ta shige cikin gangar jiki a tsaye yayin da sandar ke kwanciya a fiffike, shi ya sa akwai ƙananan sanduna da yawa a wurin, kuma Eduard ya kawo su. A manna sandunan da gam mai jinkirin kamawa, a duba ta gaba a tabbatar tayoyin biyu suna tsaye daidai, a bar jirgin a kife har kwana ɗaya kafin ya taka ƙasa. Cibiyar tayoyin kore ce.

Wannan ba samfurin fara koyo ba ne. Wanda bai taɓa haɗa jirgi ba ya fara da wani mai sassa 50 ko 60 a sikelin 1/72, ya saba da gam da samfefa. Wanda ya gama biyu ko uku zai iya shi, idan ya ware masa awa 30 zuwa 40. Abin da za a iya kuka da shi kaɗan ne: launin farantin ƙarfe da ke wahalar dacewa, wasu sassa da aka rarraba fiye da buƙata, da tsinken auna gudu na roba da ke saman hanci, wanda hannun riga kawai ya isa ya karya shi. Akwai na tagulla da kamfanin Master na Folan ke yi, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin. Ko na roba ko na tagulla, shi da ƙananan fikafikansa na ƙarfe, da eriya uku-uku da ke ƙarƙashin hanci da saman wutsiya, su ne na ƙarshen hawa, bayan an cire takardar gilashi kuma an riga an share wurin da jirgin zai zauna.